Rariyar da Na Toshe

Dutsen Alhaji, Abuja
24 ga Maris, 2002

Abban Rahma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya kwas ɗin, ya zafin Legas? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Rahma ta aiko gaisuwa daga makarantar kwana. Ƙafar Inna da sauƙi, amma likita ya ce ta ƙara wata uku a wurinmu kafin ta koma Gumel. Da sanda take takawa. Bakin mahaifiyarka dai, alhamdu lillahi, ko kaɗan bai yi ciwo ba.

Albishirinka, na yi maganin ɓerayen nan. Ka san rariyar da ke gindin katangarmu ta baya, wadda ta ɓulla gidan Maman Jennifer, mai saro tarwaɗa a kasuwar kifi ta Kado tana bandarta a gida? Ta nan suke mana zarya, su da ƙarnin kifi. Ranar da matan ofishinmu suka zo duba Inna, wani ƙaton ɓera ya ratsa tsakar gida a gabansu, yana tafiya a hankali kamar shi ne mai gidan. Na ji kamar in nutse. Washegari na kira magini ya cike rariyar da siminti, ya kuma shafe tsakar gidan da kankare, yadda kowa ke yi tunda albashi ya ƙaru.

Maman Jennifer ta zo wai tana da magana. Ta cikin get na amsa mata, ban buɗe ba. Wai ruwan da ke gangarowa daga kan dutse ta nan yake bi. Na ce idan damina ta zo ma gani. Inna kuwa ta wuni tana mita, wai a Gumel ko gaba kake da maƙwabci ba ka toshe rariya. Na ce mata nan Abuja ce.

Ka ci abinci, kada ka dawo mini kamar sillen kara.

Taka,
Bilqis


Asabar, 4 ga Mayu, bayan la'asar

Abban Rahma,

Sallama. Ina fatan kana lafiya. Mu ba zan ce maka lafiya lau ba. A kan teburin cin abinci nake rubuta maka wannan, ni da Inna, ruwa yana lasar mazaunin kujeru.

Bayan azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Yayyafin watan jiya tsintsiya ta ishe shi, na zaci yau ma haka ne. Kafin awa guda ruwan dutse ya cika layinmu, jajir, ya yi ta kwararowa ta ƙarƙashin get, don tun da aka zuba jar ƙasa titin ya fi gidanmu tudu. Ya shigo bai sami mafita ba. Tsakar gidan nan da nake taƙama da ita ta zama baho.

Abu ɗaya na yi daidai, na kashe wutar gidan gaba ɗaya tun ƙasa na bushe. Sauran duk a makare na yi su. Da na ce mu fita, ruwan waje ya kai ƙugu, ƙofar ƙarfenmu kuwa waje take buɗewa. Na tura har kafaɗata ta sage, kamar ina tura dutse. Ta kicin ma haka. Tagogi duk ƙarafa, get da kwaɗo, katanga da fasassun kwalabe a kai. Duk abin da muka yi don kada ɓarawo ya shigo, yau shi ya hana mu fita, ya kuma hana a zo mana. Wayar gida ta mutu. Ta salular da ka yi mini alkawari tana can kantin Legas.

Goyon Inna na yi na ɗora ta kan teburin. Wallahi ba ta da nauyi, kamar Rahma tana 'yar shekara bakwai, sai na ji hawaye ya zo mini. Tana rawar sanyi, na lulluɓe ta da labule. Har yanzu ba ta ce ai ta faɗa mini ba, kuma da ta faɗa da na fi jin sauƙi. Tukunya ta sa na ɗauko mata da ludayin ƙarfe, tana bugawa yadda ake yi a ƙauye idan gobara ta tashi. Amma rugugin ruwa a kan kwano, ni da ke kusa da ita da ƙyar nake ji.

Na je taga in kira maƙwabta, sai na tsaya baki buɗe. Shekara uku a layin nan, ban san sunan kowa ba sai na mutum ɗaya, ita ce kuma wadda na bari a tsaye bayan get. Kunya ta kama ni. Na dubi ƙafar Inna, na haɗiye kunyar, na yi ta kwaɗa wa Maman Jennifer kira har muryata ta dushe. Shiru.

Ina jin tsoro, Abban Rahma. Ba don kaina kaɗai ba. Amanar uwarka ka bar mini, na kulle ta cikin ruwa saboda ɓera ɗaya da idon matan ofis. An ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, to na gani. Zan sa takardar nan cikin leda in ɗora kan firij. Idan ita ta riga ni isa gare ka, ka yafe mini.

Bilqis


Talata, 7 ga Mayu

Abban Rahma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Muna raye, kwantar da hankalinka. Inna na ɗan tari, an duba ta, an ba ta magani. Ga waccan takardar na haɗo maka, yadda na rubuta ta.

Ruwa ya taɓa leɓen teburin lokacin da muka ji wata ƙara ta bayan gida. Can sai Inna ta nuna mini bango da sandarta, shatin ruwan ya fara sauka. Kafin magariba ƙofa ta buɗu.

Maman Jennifer ce. Da taɓarya ta fara dukan simintin daga gefensu, cikin ruwan nan, har taɓaryar ta tsage, sannan mijinta Zacharias ya samo diga. Da ya fashe, ruwan ya yi jifa da ita, ya tafi da gangunan bandarta da kifin sati guda. Ta san can zai bi, ai gidanta ne a gangare.

Washegari na shiga gidanta, karo na farko. Na same ta tana tsintar kifi cikin taɓo, tafin hannunta duk ya sale. Na ce na gode da ta amsa kirana. Ta dube ni da mamaki.

"Wane kira, Madam? Ni ban ji komai ba. Na ga ruwa bai fito gefena ba, na san yana gefenku, kuma Mama ba ta iya gudu."

Maimakon haƙurin da na shirya bayarwa, sai na fashe da kuka. Ita ta koma lallashina.

Inna ta aika Gumel a sassaƙo sabuwar taɓarya, ta ce ni zan kai da hannuna. Rariya tana nan a buɗe, ta ma fi da faɗi. Idan ka dawo za ka ji ƙarnin kifi tun daga get. Kada ka ce komai.

Inna na gaishe ka, Maman Jennifer ma.

Taka har kullum,
Bilqis