Ragunan Baffa a Kujerar Baya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman ƙasar mutane? Ya Anti Bilki da yara? Mu nan Daura lafiya lau, sai gajiya.

Tsohuwar motar da ka turo, irin ta marigayi Baba, ta tashi. Wata tara ina fama. Kwana goma na yi a bakin iyaka, Kongolam, kan takardun shigo da ita, ga yawon neman kayan gyara har Kano, don an daina yin irinsu. Kujerun ma sabuwar fata na sa aka ɗinka musu.

Ranar Lahadi Baffa Ilu ya zo aro, ka san ba a hana ƙanen uba. Ashe kasuwar Mai'adua ya nufa, da raguna biyu a kujerar baya. Sun yage fatar, sun jiƙa ta da fitsari. Haka ya dawo mini da ita.

Inna ta fito ta leƙa ciki, ta ji warin, sai hawaye. Ta ce, "Sai yau ta zama motar babanku."

Yanzu na rasa ko in gyara ko in bari. Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Habu