Kunnen Evaristo

Piedraclara, 2 ga Afrilu, 1987

Zuwa ga uwar 'ya'yana, Benilda,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya Bogotá da sanyinta? Yaya 'yarmu Amparo da jego? Ki shafa min kan jaririn. Mu nan lafiya lau, siminti ya yi tsada amma shagunanmu cike suke.

Mutum-mutumin tagulla na mawaƙi Evaristo da na biya aka yi ya iso jiya a lulluɓe. Ranar Lahadi bayan coci za a buɗe shi a dandali, cikar shekara ɗari da fitowar littafin gidan Sotomonte. Kin san yadda garin nan yake tinƙaho da su: Evaristo mai waƙoƙi, da ƙannensa mata, Eduviges da Rosaura, da aka ce su suke kwafe masa rubutu. Kowane yaro ya haddace waƙar kogi a makaranta, amma babu wanda ya taɓa ɗora ko bulo ɗaya don tunawa da su. Sai ni, da na fara da jan alfadari, na bar firamare a aji uku tun kafin a kai ga waƙar. Likitoci da lauyoyin garin su zo su gani.

Ban manta da abin da kika ce ba, wai in gyara rufin laburare in ƙyale tagulla. To, rufi wa yake ɗaga kai ya kalla?

Evaristo bai bar hoto ba, shi ya sa mai sassaƙa na Bucaramanga ya roƙe ni in zauna masa don ya auna tsayi da kafaɗu. Kafaɗu kawai.

Ki gaida surukinmu. Naki,
Fulgencio Tarazona

Piedraclara, 9 ga Afrilu

Benilda,

Ina gaishe ki, ina fatan jikinki da na yara lafiya. Ni jikina lafiya.

Na san labari ya riga wasiƙar nan isa. Amparo ta ce min a waya kin shige ɗaki kin rufe ƙofa, ta kasa gane kuka kike ko dariya. Gara ki ji daga bakina.

Dandali ya cika. Masu badujala na busa, Fada, limamin coci, ya yayyafa ruwa, magajin gari ya ja ƙyallen. Sai busa ta tsaya. Shiru, har ina jin tantabaru. Can Chucho mai aski ya ɗaga murya daga baya: "Kai jama'a! Ashe Evaristo ma alfadari ya gatse shi a kunne!"

Benilda, ni ne a tsaye a kan dutsen nan. Hancina, goshina, har kunnen hagu da alfadari ya guntule min ina yaro. Ga littafi a hannuna, ina kallon sama.

Garin ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Don Fulgencio, ashe kai ka rubuta waƙar kogi ka ɓoye mana!" Nicanora mai sayar da mazarƙwaila ta je gaban tagullar ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, nawa buhun siminti yau?" Fada ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa. Jawabin da na biya malamin makaranta ya rubuta min yana aljihuna har yanzu.

Na ce miki kafaɗu kawai. Ba haka ba ne. Mai sassaƙa ya tambaye ni, "Fuska fa?" Na ce ya yi abin da idonsa ya gani. Ya nuna min na yumɓu kafin a zuba tagulla, na ga kunnen, na ji daɗi. Na ɗauka za su gani su haɗiye, kamar yadda suke haɗiye komai nawa.

Yanzu yara na kiran mutum-mutumin Don Siminti, wato Maigida Siminti. Ta bayan kasuwa nake zagayawa zuwa shago. Lahadi mai zuwa ban san yadda zan shiga coci ba, tunda ƙofarta dandali take kallo.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba: Doña Herminia, tsohuwar nan, jikar Rosaura, wadda ta rage daga gidan. Da ake tura ta a keken guragu ta wuce ni ta ce, "Ka zo ranar Alhamis."

Ki rubuto min, ko da zagi ne.
Fulgencio

Piedraclara, 20 ga Afrilu

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Har yau ban ga amsarki ba, ban kuma ga laifinki ba. Lahadi biyu ban je coci ba.

Na je wurin Doña Herminia. Ta sa aka ba ni kofi a gindin mangwaron tsakar gida, ta ce, "Juyo min da kunnen, ɗana, in ga na asali." Na juya.

Na fara ba ta haƙuri cewa na wulaƙanta kakanta. Ta ce, "Wane kakan? Evaristo? Shi da bai taɓa haɗa baiti biyu ba! Zakarun faɗa da barasar rake, ilminsa ke nan." Wai matan ne suka rubuta komai, a gindin bishiyar nan, ɗaya ta fara ɗaya ta ƙarasa. Mai ɗab'i a Bogotá ya ce ba zai buga sunan mace ba, sai suka ari na wansu. Shi kuwa ya karɓi tafi har ya mutu. Ta sha faɗa wa mutane, suna cewa tsufa ne.

Ta ce, "Ni ban ji haushi ba. Shekara ɗari ba mu da fuskar da za ta dace da shi, mutumin da ya tsaya a gaban aikin wasu. Kai ka ba mu."

Gara dariyar Chucho sau dubu, Benilda.

Na ce zan sa a narkar da shi. Ta ce, "Ka narkar ka huta? A'a. Bar shi, tantabaru ma suna son wurin zama." Sannan ta tambaye ni ko na taɓa karanta littafin. Na ce ban taɓa ba. Ta miƙo min, ta ce idonta ya mutu, in karanta mata.

Na karanta da yatsa a kan layi, ina tuntuɓe, tana gyara min. Sai na zo kan wannan: "Kogi na wucewa, ba ya barin suna a kan ruwa." Na tsaya a nan. Shekara talatin ina jin ki kina rera shi kina gasa wainar masara, na ɗauka waƙar kicin ce. Ta Rosaura ce. Kin sani, ba ki taɓa goranta min ba.

Na cire allon da ke gindin mutum-mutumin, mai ɗauke da sunana. Sabon zai ɗauki sunan Eduviges da Rosaura. Kafintoci sun hau rufin laburare. Duk Alhamis zan riƙa zuwa karatu, haka ta yanke.

Amma mutum-mutumin yana nan a tsaye, da kunnensa, kuma babu hanyar coci sai ta gabansa. Na ɗauki buhu biyu a kafaɗa ina saurayi, wannan ban iya shi ni kaɗai ba. Ki dawo ki riƙe min hannu mu ratsa dandalin. In dariya ce kike yi a ɗakin nan, ki yi ta a Bogotá ki gama kafin ki hau mota.

Mijinki,
Fulgencio