Na Karya Allurarki, Kaka

Kaka,

Na tafi aiki kina barci. Ki yafe mini ture ki da na yi jiya. Amma allurar ɗinkin nan, da gangan na karya ta.

Ba kumburin ciki ne ya kayar da jikanki Gyu-min ba, sukarin jininsa ne ya yi ƙasa. Yana ta shure-shure har ya fasa mini leɓe, ke kuwa kina soka masa allura a babban yatsa, wai "Matsa, yarinya, baƙin jini ya fita!" Da ban goga masa zuma a dasashi ba, da yau makoki muke.

Ranar Alhamis akwai ajin masu ciwon sukari a asibiti. Ke ce kullum a gida in ya faɗi. Da ke za mu je, ko da goyo ne.

Hye-won