Akwatin Rahim

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki, ya gwiwar? Ya Baba da su Hadiza? Ina fata kowa lafiya.

Inna, Rahim ya rasu, dattijon nan ɗan Pakistan da muke ɗaki ɗaya a Sonapur, unguwar leburorin nan, wanda ya aiko miki da man shafawa. Zazzaɓi ne, bai daɗe yana jinya ba. Allah ya jiƙansa.

Man nan daga ƙaron wani itace ake yin sa, wai shi fir. Da katakonsa muke haɗa akwatunan kaya a wurin aiki. Rahim kan shinshina katakon ya ce min, "Habibi, wannan ɗan garinmu ne. Can saman duwatsu yake fitowa, cikin ƙanƙara, ganyensa kamar allura, kore shar rani da damina. Da shi aka yi rufin gidanmu." Kullum cewa yake baɗi zai koma.

Da za a tura gawarsa gida, ni aka sa na haɗa akwatin. Katakon ba nauyi, ƙusa na shiga ba gardama. Tun ranar ƙamshin nan ke tuno min da shi, ga shi a cikinsa nake wuni.

Inna, na sare. Ni ma baɗi nake ta ce miki, kuma wallahi ban ga hanya ba. Ki sa ni a addu'a, ki sa Rahim. Ki gaida Baba, amma kada ki gaya masa na yi kuka.

Ɗanki,
Sani