A Bar Bas Ya Tashi da Wuri, 'Ya'yana Ma Suna Son Ganin Jirgi

Zuwa ga Shugaba da 'yan kwamitin yawon yara na ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna kudancin Landan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da ɗawainiya, ina kuma gaishe da iyayenmu mata masu tashi tun asuba su dafa mana abinci duk ranar taro. Ni ce Rukayya, Maman Sadiq ta Woolwich, wadda ɗanta ya kwanta yana ihu a bakin ƙofar gidan tarihin jiragen sama ranar yawon Sallah. Na san da wannan kuka fi gane ni.

Tun a makon na so rubuto muku, maigida ya ce in bari in huce. Gara da na bari, domin yau murna ce fal a raina, kuma cikinta nake so ku ji kokena. Asabar ɗin da ta wuce na koma gidan nan da Sadiq da ƙanwarsa Hanifa, mu kaɗai, a jirgin ƙasa. Dukansu biyu suna da autism, lalurar da wasu a gida ke kira galahanga: hayaniya tana yi musu ciwo, haka ma sauyin shiri babu sanarwa.

Na farko, ku ji abin da idona ya gani. Gidan yana da safiyar da yake keɓewa domin irin yarana. Ana buɗewa kafin jama'a su cika, a kashe lasifika, a rage fitilu. Muna shiga wata ma'aikaciya ta miƙa mana abin toshe kunne, ba ta tambaye ni me ke damunsu ba, ba ta kuma yi min kallon tausayi ba. Sai ga jirage sun cika zaure, wasu a ƙasa, wasu a rataye, kai ka ce yanzu za su sauko. Sadiq ya saki hannuna, ya nufi wani ƙaton tsohon jirgin yaƙi, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin fiffikensa yana bin ƙusoshin jikinsa da yatsa a iska. Na ce a raina yanzu za a kore mu. Wani dattijon Bature mai aikin sa kai a wurin ya ɗaga min hannu alamar in ƙyale shi, ya ce daga nan ne ma aka fi ganin jirgin da kyau.

Ita kuwa Hanifa, yarinyar da ko ɗankwali ba ta yarda a ɗaura mata, da kanta ta ɗauki hular matuƙi ta kifa a kai. Aka bar ta ta zauna a kujerar wani ƙaramin jirgi, tana ta danne-danne tana ƙyalƙyala dariya. Da ta gano wata farfela da aka ajiye don yara su juya, shi ke nan, mun samu wurin zama. Sadiq ba mai magana ba ne, yakan wuni bai haɗa kalma biyu ba. Amma da muka zo tafiya ya ja mayafina, ya nuna sama, ya ce da Hausa: “Mama, jirgi babba.” Wallahi a wurin na zauna a benci na yi kuka na more, na kira mahaifiyata a Zariya ina ba ta labari, ita ma tana ta hamdala.

Na biyu, ga inda kokena yake. Wannan safiyar shirun ita ce muka shirya kamawa ranar yawon Sallah. Ni na nemo labarinta, na kawo muku, kuka amince, kuka sa lokaci. Na yi mako ina nuna wa yaran hotuna: ga bas, ga ƙofa, ga jirgi. Mun iso wurin haɗuwa a Woolwich da sassafe, bas na tsaye, direba na ciki. Sai aka ce ba a tashi a bar babba, a jira Alhaji uban ƙungiya. Muka jira. Aka ce kulolin shinkafa suna hanya daga Old Kent Road. Muka jira. Da Alhaji ya iso, Allah ya ƙara masa lafiya, aka jera yara su gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, aka yi addu'a, sannan wani ya tashi ya yi jawabin godiya ga wanda ya yi addu'ar. Ni dai ina kallon agogo ina kallon Sadiq, ya fara kaɗa jiki gaba da baya.

Ba mu isa ba sai dab da azahar. Wurin ya cika maƙil, lasifika tana kwaikwayon rurin injin jirgi. Yaron da aka yi wa alkawarin shiru ya zube a ƙofa, Hanifa tana cizon hannunta. Ina durƙushe a kansa na ji wata tana ba ni shawarar in kai shi ruƙiyya, wani kuma yana cewa rashin bulala ne irin na yaran Turai. Ko jirgi ɗaya ba mu gani ba muka juya gida.

Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne saƙon da kuka saka a zaurenmu na waya bayan kwana biyu, cewa a yawo na gaba iyayen yara masu lalura su yi haƙuri su bar su a gida. Ranku ya daɗe, 'ya'yana ba su ɓata muku yawo ba. Lattinmu ne ya ɓata musu nasu. Ga shi na gwada da kaina: gida ɗaya, yara ɗaya, bambancin kawai mun je a kan lokaci.

Na uku, kada a ɗauka ina raina girmama manya. A kai aka raine ni, kuma ina so 'ya'yana su tashi a kai. Amma a ina za su koya in an rufe musu ƙofa? A bakina da na babansu kaɗai suke jin Hausa. Yana min ciwo su girma suna ganin bare na matsa musu wuri, danginsu kuma na cewa a bar su a ɗaki.

Don haka ina roƙon a janye wancan saƙon a fili, a inda aka saka shi. Ina roƙon bas ya tashi a lokacin da aka faɗa. A yi addu'a a hanya, Allah yana ji ko mota na tafiya. Gaisuwar manya da cin shinkafa a bar su sai an fito, a kan ciyawar da ke waje, in ya so a yi jawabi har la'asar. Alhaji kuwa ni da kaina zan nema masa mota ta musamman.

Ba don kaina kaɗai nake wannan roƙo ba. Da na saka hotunanmu a waya, wata 'yar'uwarmu ta kira ni. Shekara da shekaru tana kawo mana waina duk taro, kowa ya san ta da 'ya'ya biyu. Uku ne da ita. Babban bai taɓa taka taronmu ba, saboda gudun irin maganganun da na sha a bakin ƙofar nan. Ta ce yana son jirgi kamar me, kuma in dai za a tashi da wuri, bana za ta fito da shi. Na ce mata zan tambaye ku.

Allah ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke mana, ya raya zuri'arku, ya ba ku ikon yin adalci ga yaran da ba su iya kawo ƙara da bakinsu ba. Muna jiran amsarku, mu da ita.

Wassalam.

Taku,
Rukayya Maman Sadiq, Woolwich.