Gaisuwar Malam Ilu

Wurma, Kurfi
9 ga Oktoba, 2023

Yaya Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ya Dutsin-Ma, ya jikin Talha da haƙoran? Ki shafa min kansa.

Kaka Yelwa ce ba lafiya, kuma rabin ciwon fushi ne. Tun rasuwar kakanmu take jiran ƙanenta Malam Ilu ya zo daga Maraɗi ya yi mata gaisuwa. Kin san an rufe boda, shi kuma ƙafafunsa ba za su iya babur ta daji ba. Kullum sai ya kira, ita kuwa ta juya wa wayar baya, wai ba a ta'aziyya ta bakin ƙarfe, wanda ya sha nono ɗaya da kai da ƙafarsa yake zuwa.

Na ajiye littattafan soyayyata na ɗauko na tarihi. Na karanta mata yadda Ingila da Faransa suka zauna a Landan a 1906 suka sa hannu, layi ya raba Katsina da Maraɗi. Ta ce, "Ke tafi can, uwar karatu! Bisa jaki aka kawo ni daga Maraɗi, ban taka layin kowa ba." Kunya ta kama ni, na rufe littafin.

A littattafan soyayya, a shafin ƙarshe masu faɗa suke shiryawa. Ina ta jira.

Ƙanwarki,
Aisha Humaira

Wurma
2 ga Fabrairu, 2024

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kun isa lafiya? Ya ƙarin haƙuri?

Akwai abin da na kasa faɗa miki ranar sadakar bakwai. Da hantsin ranar da Kaka ta cika, ni kaɗai ce a ɗakin. Ta ji sallama a zaure, ta kama hannuna ta ce, "Ilu ne?" Mai gyaran rediyo ne, Yaya. Da na ce mata yana hanya, me zai rage ni? Sai na girgiza kai. Ta saki hannuna.

Jiya Malam Ilu ya kira, ya ce a ba shi wadda ke wurin lokacin da Kaka ta cika. Ya tambaye ni ko ta ambace shi. Na ce masa ta ce ta yafe.

Ita na faɗa mata gaskiya, shi na yi masa ƙarya. Don Allah ki tambayar min malamarku wanne zan nemi gafara a kai, amma kar ki ce ni ce.

Taki,
Humaira