Buhun Ledar da Inna Ta Ɗauka Nata Ne

Zuwa ga Malama Shafa'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ki taimake ni da shawara a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni. Ban saba kai kukana wurin kowa ba, balle a jarida, saboda haka ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye kafin in iso inda za ni.

Ni malamin makarantar sakandare ne a Gaya, inda nake zaune da iyalina. Asalina wani ƙauye ne a yankin Toranke, cikin ƙaramar hukumar Ajingi. Ba zan faɗi sunansa ba, domin kowa ya san kowa. Labarin ƙasa na karanta a jami'a. Na ambaci wannan ne don ki gane cewa abin da nake tsoro na san shi tun a aji, kuma sanin bai ƙara mini komai ba sai fargaba.

Abu na biyu da ya kamata ki sani shi ne ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu har yau ana riƙe da kunyar ɗan fari yadda aka gaje ta. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa kiran sunana ba. A hannun kakata na tashi. Idan na je gida nakan durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wajen, in tashi. In tana da magana, ƙanwata Hanne take faɗa wa, ko da kuwa ina tsaye a wurin. Ni ma in na kawo mata wani abu, sabulu ko goro ko atamfa, ajiyewa nake yi kusa da ƙofarta in wuce, ita kuma ta ɗauka ba tare da ta ce komai ba. Haka muke zancenmu ni da ita tun da na yi wayo, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarta ba.

Ni mutum ne mai kula da 'yan ƙananan abubuwa na muhalli, gwargwadon iyawata. A keke nake zuwa makaranta, babur kuwa sai tafiyar ƙarshen mako zuwa ƙauye. Ruwan alwala da na wankin hatsi zogale da darbejiyar da na dasa ake zuba wa. Abokan aiki suna yi mini dariya a kan haka, ba na damuwa.

A ƙarshen ranin da ya wuce wata tunkiyar Inna ta daina cin abinci, ta rame, aka yi maza aka yanka ta. Da aka farke tumbinta, leda aka tarar a cure kamar an ɗura mata. A lokacin ne kuma ake kwashe jujin gida a amalanke ana kai wa gona, kamar yadda muke yi kowace shekara. Na tsaya ina kallon takin da ake watsawa, baƙar leda da ledar ruwa sun cakuɗe da shi ko'ina. Sai na nemi wani tsohon buhun taki, na kafa ƙusa a jikin garu, na rataye shi, na gaya wa mutanen gida duk ledar da aka gama amfani da ita a jefa a ciki. Niyyata in riƙa ɗauro shi a babur ina kawowa Gaya. Inda na kafa ƙusar kuwa, saboda nan ne akwai inuwar rumfa, dab da ƙofar madafin Inna ne, kusa da wurin da na saba ajiye mata kaya. A lokacin ban yi tunanin komai a kan haka ba.

Da damina ta sauka, sai na lura buhun ba ya cika. Na ɗauka mutanen gida sun gaji da ɗawainiyar ne. Wata safiya na isa da wuri, bayan ruwan da aka kwana ana yi, na hangi Inna daga soro. Ta zaro leda daga buhun, ta ƙyasta ashana, ta riƙe ledar a kan jiƙaƙƙen itace tana narkewa tana ɗiga, sannan ta sunkuya da fuskarta dab da murhu tana hurawa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe madafin, wanda ba shi da taga sai 'yar kafa a sama. Ƙaurin ya iso har inda nake tsaye. A gefenta kuma 'yata Khaula ce zaune a kan kujera 'yar tsuguno, tana jiran koko.

Khaula tana hannun Inna tun da aka yaye ta. Inna ce ta nemi a ba ta ita, ta bakin Hanne, mu kuma muka bayar da farin ciki. Ba sa rabuwa. Duk inda Inna ta sa ƙafa, nan yarinyar take sa tata.

Na san hura wuta da leda ba baƙon abu ba ne, mata da yawa suna yi idan itace ya jiƙe. Amma a da sai an yi nema kafin a sami guda ɗaya busasshiya. Yanzu ga ta nan tare, a bushe, a rataye inda hannu yake kaiwa, safe da rana da yamma. Da na yi wa Hanne magana, sai ta yi dariya ta ce ai Inna kullum sai ta sa mini albarka saboda buhun nan. Wai ta gaya wa maƙwabta cewa wancan na Gaya, haka take kirana, har wutar girkinta yana tunawa da ita. Har ɗiba take yi tana aika wa gidajen da ke kusa idan an yi ruwa.

Malama, na kai shekarun da na kai ban taɓa jin an ce Inna ta yabe ni a gaban mutane ba sai a kan wannan buhu.

Na yi ƙoƙari iyakar abin da na iya. Na sayo ƙaramar tukunyar gas na ajiye mata. Ta karɓa, ta goge ta, ta kai ta ɗaki ta jera kwanoni a kai, domin tsoronta take ji. Wata Lahadi kuma na cire buhun na taho da shi. Hanne ta kira ni a waya ta ce Inna ta daɗe tsaye tana kallon ƙusar, daga baya ta tambaye ta ko wani abu aka faɗa mini a kanta. Da na koma, na mayar da shi inda yake, kuma da ledarsa a ciki, domin na kasa rataye mata buhu wayam. Na roƙi Hanne ta yi wa Inna bayani, ta ce ita ba za ta shiga ba, wai ni ne mai ilimin, in faɗa da bakina. Akwai ƙanwar Inna, wadda muke kira Inna Gaji, tana aure a Balan. Ita kaɗai ce take faɗa wa Inna magana kai tsaye. Sai dai mace ce mai barkwanci, ina gudun ta mayar da zancen abin dariya a tsakar gida, ta kunyata mu duka biyu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Inna tana tari tun farkon damina, kuma ƙaruwa yake yi. In ta gama hura wuta sai ta dafa garu ta daɗe kafin numfashinta ya daidaita. Ta rame, ko kuwa idona ne yake ganin haka, ban sani ba. A zuwana na ƙarshe na ji ita ma Khaula ta fara, ƙirjinta yana wani ƙara idan ta yi gudu. Mai ɗakina kuwa, duk na dawo sai ta dube ni, ta dubi bayan babur ko na taho da 'yarta. Ina cikin aji ina koyarwa sai in katse darasi in duba idan waya ta yi motsi a aljihu. In aka yi hadari a gabas, mutane suna murna, ni kuwa lissafin jiƙaƙƙen itace nake yi.

In na ɗauko Khaula, na gaya wa Inna a fakaice cewa ta kasa riƙo, kuma na bar ta ita kaɗai a cikin hayaƙin. In na cire buhun, na ƙwace kyautar da ta fi jin daɗinta. In na buɗe baki na yi mata magana, na keta abin da ta kiyaye tun ranar da ta haife ni, kuma ban san da wace murya zan fara ba. In na yi shiru, ina tsoron ranar da za a kira ni. Ki taimake ni, don Allah.

Naki,
Ɗan Fari, daga Gaya

*

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Fari.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Tarin da ya ɗauki makonni yana ƙaruwa, har da rama, asibiti yake buƙata a wannan makon. Yana iya zama hayaƙi, yana iya zama wani abu daban kamar tarin fuka, kuma ni da kai ba mu ne za mu tantance ba. A kai Inna a duba ƙirjinta, a gwada majina, a haɗa da Khaula. In kuwa aka ga numfashin yarinyar yana sauri, ko ƙirjinta yana lotsawa, ko ta kasa cin abinci, a kai ta nan take. Ka ce wa Hanne za a kai Khaula ganin likita, kuma kakarta ce za ta raka ta. Babu kakar da za ta ƙi wannan, in sun isa kuma a duba su tare.

Tsoronka yana kan hanya. Hayaƙin itace kansa yana cin ƙirji a ɗakin da ba iska, na leda kuwa ya fi shi muni. Amma ka daina ɗaukar kanka kamar wanda ya haƙa wa mahaifiyarsa rami. Ka tara leda ne don dabbobi da gona, kuma ka yi daidai. Ita ma Inna ba ta yi wauta ba. Ka ajiye abu a inda ka saba ajiye mata kyauta, ta ɗauka kyauta ce, ta gode. Matsalarta ta gaskiya jiƙaƙƙen itace ne, kuma har yau ba a magance mata ita ba. Tukunyar gas da take tsoro ba za ta dafa mata koko ba.

To, ka bar buhun a kan ƙusarsa, ka canja abin da ke ciki. Ka cika shi da abin da ke kama wuta da sauri: totuwar masara, ɓawon gyaɗa, busassun ƙirare, farfasasshen kara, sassaƙen katako daga wurin kafinta, wanda ba a shafa masa fenti ba. Duk wannan za ka same shi a Gaya. Ka tafi da shi a babur, ka dawo da leda a wani buhun daban, wanda za a ɗaure bakinsa a ajiye a soro, nesa da murhu. Ka kai da yawa, yadda za ta sami na aika wa maƙwabta kamar yadda ta saba, kada a rage mata wannan girman. Ka sa a yi mata 'yar rumfar itace mai rufin kwano, a ɗaga shi daga ƙasa, a kuma faɗaɗa kafar madafin ta zama taga. Ranar da ba ruwa, a fito da murhu waje, Khaula kuma ta jira kokonta daga nesa. Ledar da ka kwaso, ka tambayi masu sayen roba ko akwai wadda suke karɓa, sauran ka kai inda aka ware don zuba shara. Mafi sauƙi shi ne a rage shigowarta gida: a je sayen koko da kwano, mai da kwalba, cefane da jaka.

Sai dai canjin buhu kaɗai ba zai wadatar ba. In ba a gaya mata dalili ba, ranar da totuwa ta ƙare za ta tsinci leda a tsakar gida. Dole magana ta isa kunnenta, kuma a nan ne zan saɓa maka. Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau, ban ce ka keta ta ba. Amma waɗanda suka kafa ta sun bar ƙofar aike a buɗe, kai ne ka tsaya kana auna kowa har ka rasa wanda za ka aika. Ka je Balan da goronka, ka zauna da Inna Gaji, ka faɗa mata komai kamar yadda ka faɗa mini, har da albarkar da aka sa maka. Barkwancin da kake gudu shi ne zai sa maganar ta shiga ba tare da ta yi ciwo ba. Ka roƙe ta abu biyu kawai: ta faɗa a ɗaki daga ita sai yayarta, kuma ta fara da ƙirjin Khaula. Macen da ta nemi riƙon jika da kanta ba za ta so jin cewa hayaƙinta ne yake sa yarinyar tari ba. Ita ce za ta fara hana maƙwabta.

Kada ka ɗauko Khaula yanzu, sai in likita ya ce a raba su na wani lokaci, ko ka ga an yi duk wannan hayaƙin bai sauya ba. In ta kai ga haka, lafiyar yarinya ce gaba, kuma Inna Gaji za ta san yadda za ta faɗa. Ka kuma zauna da mai ɗakinka yau, ka gaya mata abin da ka shirya. Ita ba kunyar ɗan fari tsakaninku, kuma ta daɗe tana jira.

Game da yabon da kake tsoron rasawa, ka sake duba abin da Inna ta faɗa. Cewa ta yi kana tunawa da wutar girkinta. Daga wannan Asabar maganarta za ta zama gaskiya. Ka ɗaure buhunka da kyau kada ruwa ya taɓa shi a hanya, ka rataye shi, ka durƙusa ka yi gaisuwarka yadda ka saba.

Allah Ya ba Inna da Khaula lafiya, Ya kwantar maka da hankali, Ya sa ka daɗe kana ajiye mata kaya a bakin ƙofa.

Taku,
Malama Shafa'atu